Tara tsofaffin hotunan Lajos Kossuth: yadda ake gane na asali da inda ya kamata a fara

Wani ɗan'uwa da ya yi karatun likitanci a Debrecen ta ƙasar Hangari ya rubuto cewa tun yana can tarihin Lajos Kossuth, jagoran juyin juya halin Hangari na 1848 zuwa 1849, ya kwanta masa a rai, kuma yanzu da ya dawo gida yana so ya fara tara tsofaffin hotunansa. Ya ga ana tallar wasu a intanet, farashinsu ya sha bamban ƙwarai, har da wani ƙaramin kati da mai sayarwa ya ce "hoton asali ne na shekarar 1848". Yana tambayar yadda zai bambance na gaskiya da na jabu, da abin da ya kamata ya fara saya, da yadda zai adana su.

Likita, sannu da ƙoƙari. Ka zaɓi mutumin da tara hotunansa yake da daɗi kuma yake da haɗari, kuma abu ɗaya ne ya jawo duka biyun: an buga fuskarsa ba iyaka. An haifi Kossuth a Monok a 1802, ya rasu a Turin ta Italiya a 1894 yana da shekara 91. Ya fara suna lokacin da sai mai zane ya zauna ya zana mutum, ya tsufa lokacin da kyamara ta zama ruwan dare, har an naɗi muryarsa a na'ura a 1890. Saboda haka kusan duk wata hanyar buga hoto da aka yi amfani da ita a ƙarni na 19 za ka same shi a cikinta. Mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya mallakar abin da aka buga Kossuth yana raye. Amma wanda bai san salsalar abin da yake saya ba zai biya kuɗin doki ya koma gida da jaki.

Tambayar da nake so ka riƙa yi wa kowane hoto ita ce: hannu nawa ne tsakanin fuskar mutumin da wannan takarda? Akwai hoton da Kossuth ya zauna gaban kyamara aka ɗauka. Akwai wanda mai zane ya kalle shi ido da ido ya zana. Akwai wanda wani mai sassaƙa a Landan ko New York ya kwaikwaya daga zanen wani, bai taɓa ganin mutumin ba. Akwai kuma hoton da aka ɗauki zanen da kyamara bayan shekara ashirin. Dukkansu suna da gurbi a wurin mai tarawa, matuƙar an kira kowanne da sunansa kuma an biya kuɗin da ya dace da shi.

Mu fara da katin da ka gani. Ba zai yiwu ya zama na 1848 ba. A 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faris, kuma irin da ya fi yaɗuwa a shekarun 1840 shi ne dagerotayif, wato hoto a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa. Kowane faranti ɗaya tilo ne, ba shi da nagatif da za a wanke wasu daga gare shi. Shi kuwa ƙaramin hoton takarda da ake mannawa a kati, wanda dillalai ke kira da sunansa na Faransanci carte de visite, sai a 1854 wani mai ɗaukar hoto mai suna Disdéri ya yi masa rajista a Faris, kuma bai cika kasuwa ba sai wajen 1859 zuwa shekarun 1860. To, idan fuskar da ke kan katin ta Kossuth ce yana ɗan shekara arba'in da wani abu, da gashin baki da saje mai zagaye haɓa da riga irin ta Hangari mai igiyoyi a ƙirji, kusan tabbas zane ne aka ɗauka da kyamara daga baya. Masu ɗaukar hoto na wancan zamani sun yi wannan sosai, ba da niyyar zamba ba, jama'a ne ke son fuskar gwarzonsu a cikin albam. Ka nemi a turo maka hoton katin da aka matso sosai. Za ka ga gashin layi-layi ne na alƙalami, fatar ba ta da tamoji irin na ɗan Adam, kafaɗu kuma sun narke cikin farar takarda. Irin wannan kati, idan na shekarun 1860 ne da gaske, abin saye ne mai kyau, amma da farashin kwafi.

Fuskar Kossuth ta zamanin juyin juya hali daga masu zane ta zo mana. Ya yi suna ne tun yana rubuta rahoton zaman majalisa ana kwafa da hannu ana rarrabawa, abin da ya jawo masa ɗauri daga 1837 zuwa 1840, sannan ya zama editan jaridar Pesti Hírlap a 1841. A 1848 ya zama ministan kuɗi a gwamnatin Lajos Batthyány, kuma a ranar 14 ga Afrilu 1849, a babban cocin Debrecen da ka sani, aka ayyana tsige gidan sarautar Habsburg na Ostiriya daga mulkin Hangari aka naɗa shi gwamnan ƙasa. Daga wannan lokaci akwai zanen da August Prinzhofer ya yi masa a 1848 da bugun dutse (zanen da ake yi a kan dutse a buga a takarda), wanda aka kwaikwaya sau ba adadi, da kuma hoton ministocin gwamnatin Batthyány a haɗe wanda József Tyroler ya sassaƙa. Bugun farko na irin waɗannan ya fi wuyar samu, domin bayan da Ostiriya, da taimakon sojojin Rasha, ta murƙushe yunƙurin a watan Agusta 1849, ajiye abin da ya shafi Kossuth ya zama haɗari ga mai gida. Gwamnati ta tattara takardun kuɗin da ke ɗauke da sa hannunsa ta ƙone a bainar jama'a, an kuma yanke masa hukuncin kisa ba ya nan. Wanda ya ɓoye hotonsa a lokacin ya san abin da yake yi.

Akwai ɓangaren tarihinsa da nake ganin masu tarawa ba sa ba shi haƙƙinsa, wato zamansa a Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Da ya tsere, Ostiriya da Rasha sun matsa lamba a miƙa shi, Sarkin Musulmi Abdulmajid ya ƙi ba da wanda ya nemi mafaka a ƙasarsa. Kossuth ya zauna a Vidin da Shumen, sannan a Kütahya daga 1850 zuwa 1851, kuma gidan da ya zauna a Kütahya yanzu gidan tarihi ne. Zane-zanen jaridu na wannan zango ba su da yawa kamar na Amurka, kuma duk wanda ka ci karo da shi a farashi mai sauƙi, kada ka bar shi.

Kasuwar gaske ta buɗe ne a ƙarshen 1851. Jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Mississippi ya ɗauko shi daga Turkiyya zuwa Gibraltar, daga nan Kossuth ya shiga wani jirgin ya sauka Southampton ta Ingila a watan Oktoba, ya isa New York a Disamba, ya yi ta zagaya Amurka yana jawabi da Turanci har zuwa Yulin 1852. Mutane sun haukace a kansa. An sayar da hula mai sunansa, an raɗa wa garuruwa sunansa, har yau akwai gundumar Kossuth a jihar Iowa. Jaridar Illustrated London News ta buga zane-zanen tarbar da aka yi masa a Ingila, maɗaba'ar Nathaniel Currier a New York ta fitar da hotunansa masu launi, an sa fuskarsa a bangon takardun kiɗa da lambobin ƙarfe da ƙyallayen maƙalawa a riga. A wannan tafiya ce kuma aka ɗauke shi dagerotayif, ciki har da na ɗakin hoton Southworth da Hawes na Boston, wanda gidan tarihi na Metropolitan a New York yake riƙe da ɗaya. Ka je shafinsu ka kalle shi da kyau, domin shi ne ma'aunin da za ka auna sauran. Za ka ga mutum mai gajiya a ido, ba jarumin da masu zane suka ƙawata ba. Kada ka sa rai za ka sayi irinsa. Idan wani ya ce yana da dagerotayif na Kossuth a farashin da kai da ni za mu iya biya, mafi yawa wani mai gemu ne na shekarun 1850 da ba a san sunansa ba, kuma masu gemu irin nasa sun yi yawa a lokacin tun da shi ake kwaikwayo.

Wani ɗan sirri game da Currier: sunan Currier & Ives bai fara ba sai 1857. Bugun da aka yi lokacin ziyarar zai ɗauki sunan N. Currier shi kaɗai.

Yanzu ga aikin ido. Ka sayi gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu sayar da zinariya. Ba ka da kayan aikin da ya fi shi. Bugun dutse, wato litogiraf, idan ka duba shi za ka ga ɗigo-ɗigo marasa tsari kamar an goga fensir a kan dutse mai kaushi, kuma takardar a shafe take. Sassaƙar ƙarfe ko tagulla layuka ne masu kaifi, tawadar ta ɗan taso, kuma sau da yawa akwai alamar gefen farantin da ya danne takardar ya bar shata mai kusurwa huɗu, sai dai idan an yanke gefen. Sassaƙar katako ita ce ta jaridu, kuma alamarta mafi sauƙi ita ce rubutun wani labari a bayan shafin. Abin da za ka guda shi ne ɗigo masu jeri daidai wa daida kamar raga. Wannan fasaha ba ta yaɗu ba sai shekarun 1880 zuwa 1890, don haka duk "bugun 1851" da ke da ita daga littafin baya aka yanko shi. Idan kuwa ɗigon ƙanana ne masu launi daban-daban a watse, firintar zamani ce, ko da an jiƙa takardar da shayi don ta yi kama da tsohuwa. Ƙaramar tocila mai hasken da ake duba jabun kuɗi ma tana taimakawa: takardar da aka yi bayan 1950 yawanci tana walƙiya fari-shuɗi a ƙarƙashinta saboda sinadarin ƙara fari, tsohuwa kuwa ba ta yi.

Ka kuma karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin hoton, waɗanda mutane ke tsallakewa. Sunan da "pinx." ko "del." ke biye da shi na wanda ya yi zanen farko ne, "sc." na wanda ya sassaƙa, "lith." na wanda ya zana a dutse ko ya buga. Nan ne salsalar take a rubuce. Idan an yanke wannan gefen, darajar takardar ta ragu ƙwarai, kuma ka faɗa wa mai sayarwa haka.

Hotunan kyamara na takarda da za ka iya mallaka da gaske na zaman Landan ne, daga 1852, da na Italiya inda ya koma a farkon shekarun 1860. Yawancinsu an wanke su ne a takarda mai siririn shafe na farin ƙwai. Launinsu ruwan ƙasa ne mai ɗan ja ko shunayya, fararen wurarensu sun koma rawaya, kuma da gilashi za ka ga tsage-tsage ƙanana a saman. Takardar siririya ce sosai, shi ya sa ake manna ta a kati. Ƙaramin katin kusan santimita 6 da rabi ne a faɗi da 10 a tsawo. Babban, wanda ake kira kabinet, ya fito a 1866, kusan santimita 11 da 16 da rabi. Katin farko-farko siriri ne mai kaifin kusurwa da ɗan hatimi a baya, na baya-baya kuwa ya fi kauri, kusurwarsa a zagaye, bayansa cike da ado da lambobin yabon mai hoton. Kullum ka nemi ganin bayan kati. Idan hatimin na mai hoto ne a Turin kuma fuskar ta dattijo ce mai farin gemu, kana kusa da asali. Idan hatimin na Budapest ne, ka tuna Kossuth bai sake taka ƙasar Hangari ba tun 1849. Ya ƙi amincewa da sulhun 1867 da ɗan siyasar Hangari Ferenc Deák ya ƙulla da Ostiriya, har dokar zama ɗan ƙasa ta 1879 ta sa ya rasa matsayinsa bayan shekara goma. Saboda haka katin Budapest ko dai kwafi ne, ko kuma mai hoton ne ya yi tattaki zuwa Italiya, kamar yadda jama'a suka riƙa kai masa ziyara, irin tawagar mutum ɗari daga garin Cegléd na Hangari da ta je a 1877. Wannan bambanci sai an bincika, ba a ɗauka kawai.

Ka yi hankali da ɗansa Ferenc Kossuth, wanda aka haifa a 1841, ya koma Hangari bayan rasuwar uban, ya zama shugaban jam'iyya kuma ministan kasuwanci daga 1906 zuwa 1910. Katunansa suna da yawa, kuma dillalin da bai san tarihi ba yana ganin "Kossuth" sai ya rubuta sunan uban. Wajen bincike kuma ka gwada sunan ta kowace fuska, domin Ingilishi sun buga shi Louis, Jamusawa Ludwig, Italiyawa Luigi, 'yan ƙasarsa kuwa Kossuth Lajos suke rubutawa.

Takardun kuɗi wani reshe ne mai jan hankali. Na 1848 da 1849 sa hannunsa suke ɗauke da shi, bugagge, ba fuskarsa ba. Na asusun Hangari da aka buga a New York a 1852 don tara gudummawa, da darajar dala, akwai masu surarsa, kuma ƙananansu ba su da tsada sosai. Waɗanda kamfanin Day ya buga masa a Landan kuwa, Sarkin Ostiriya Franz Joseph ya kai ƙara kotun Ingila a 1861 ya yi nasara aka lalata su, shi ya sa 'yan kaɗan da suka tsira suke da wuyar samu. Haka batun sa hannu a ƙarƙashin hoto: a ƙarni na 19 al'ada ce a sassaƙa sa hannun mutum tare da hotonsa. Tawadar alƙalami ta gaske tana komawa ruwan ƙasa, tana da wurin da ta yi kauri da wurin da ta yi siriri, wani lokaci har ta ci takardar. Bugaggen sa hannu baƙi ne iri ɗaya da sauran hoton.

Bayan rasuwarsa ranar 20 ga Maris 1894 aka sake wata ambaliya. An kai gawarsa Budapest, gwamnati ta ƙi yi masa jana'izar ƙasa, birnin ne ya ɗauki nauyi, aka binne shi a maƙabartar Kerepesi ranar 1 ga Afrilu cikin taron da ya cika tituna. An buga hotuna masu launi da talakawa suka rataye a ɗaki, suna kiransa "babanmu Kossuth", sannan katunan gidan waya, musamman a 1902 da ya cika shekara ɗari da haihuwa. Katin da bayansa duka na adireshi ne, ba layin da ya raba shi biyu, na kafin wajen 1905 ne. Waɗannan ba su kusa da fuskar mutumin, amma suna nuna yadda al'umma ta riƙe shi, kuma ni ina ganin tarin da ba su a ciki bai cika ba.

Kafin ka kashe ko sisi, ka ɓata makonni kana kallon abin da manyan gidaje suka tantance. Gidan Tarihin Ƙasa na Hangari yana da sashen hotunan tarihi na zane da na kyamara, ɗakin karatu na ƙasa na Széchényi a Budapest yana da nasa, akwai gidan tarihin Kossuth a Cegléd, kuma ɗakin karatun majalisar Amurka ya sa hotunansa da dama a intanet. Idan ido ya saba da na gaske, na jabu da kansa yake tona kansa. Wajen saye, ka nemi hoton gaba da baya da gefe, da awo a santimita, da inda mai sayarwa ya samo shi, da yarjejeniyar mayarwa idan bai dace da bayanin ba. Wanda ya ƙi nuna maka baya, ka rabu da shi. Idan daga Hangari za a turo, ka sani dokarsu ta buƙaci izini kafin a fitar da kayan tarihi da suka haura shekara 50, don haka ka tambayi dillalin wanda zai nemi takardar. A turo shi tsakanin kwalaye biyu masu ƙarfi, ba a naɗe ba.

Adanawa a yanayinmu ita ce inda na fi jin tsoro, domin takardar da ta yi shekara 170 lafiya a Turai tana iya lalacewa a damina biyu. Waɗannan kaya suna son danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, ba hawa da sauka. Mu kuwa hunturu yana busar da shafen farin ƙwai har ya tsattsage kati ya lanƙwashe, damina kuma ta kawo fumfuna da ɗigon tsatsa. Ka samu akwati mai rufuwa ruf, ka sa ƙwayoyin silika masu tsotse danshi da ƙaramin ma'aunin danshi a ciki, ka ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bango da ƙasa saboda gara da kyankyaso, ba saman kabad kusa da rufin kwano ba. Kowane hoto ya samu rigarsa ta takarda marar asid ko ledar foliyesta, ba leda mai wari irin ta albam ɗin kasuwa mai gam ba. Ina roƙonka, kada ka kai shi a yi masa lamineshan. Zafi da gam ɗin ba sa fita har abada, kuma daga ranar ya tashi daga kayan tarihi. Ba selotef, ba biro, ba gogewa da tsumma. Ka wanke hannu ka busar kafin ka taɓa, ka riƙe ta gefe. Idan kana son ganinsa a bango, ka yi sikanin mai kyau ka rataye kwafin, asalin ya zauna a duhu.

Kowane abu da ya shigo hannunka ka buɗe masa shafi a littafi: lambarsa, irin bugunsa, awonsa, duk rubutun da ke jikinsa harafi da harafi, wurin da ka saya da ranar da kuɗin, da kuma abin da ka tabbatar da abin da kake zato, a rabe. Lambar kawai za ka rubuta da fensir mai laushi a jikin rigar.

Game da abin da za ka fara saya, da ni ne zan fara da cikakken shafi na Illustrated London News na ƙarshen 1851, domin kwanan wata a buge yake a samansa, ba shi da tsada, kuma zai koya wa idonka yadda takarda da tawadar wancan zamani suke. Daga nan sai sassaƙar ƙarfe ɗaya ta shekarun 1850 mai cikakken gefe da sunan mai sassaƙa, sannan katin gidan waya na 1902. Katin kyamara na Turin ka bar shi sai ka riƙe katunan wasu mutane na zamanin da dama a hannunka, waɗanda ake sayarwa da arha ƙwarai, ka san nauyinsu da ƙamshinsu da launinsu. Katin 1848 ɗin kuma ka rubuta wa mai shi ka nemi hoton bayansa da awonsa. Idan hatimin na shekarun 1860 ne, ka taya shi a matsayin hoton zane.